Karan Saiti Ba Shi Da Ido

Duk wanda ya leƙa jakar ɗan wasan golf da ya ɗauki abin da gaske, zai ga waɗansu siraran karare biyu, masu ruwan lemo ko ruwan ɗorawa, sun leƙo a tsakanin sandunan bugu. Ba a buga ƙwallo da su. Tsawon kowanne wajen santimita 122 ne, kaurinsa bai kai na ɗan yatsa ba. Asalinsu ma ba kayan golf ba ne. A Amurka irinsu ake kafawa a gefen hanyar shiga gida, don mai mota ya gane bakin hanya idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa. 'Yan wasa suka ga arharsu da amfaninsu suka ɗauka, daga baya kamfanoni suka buga musu tambari suka ƙara musu kuɗi. Aikinsu shi ne a shimfiɗa su a ƙasa lokacin atisaye, su nuna wa mutum inda ya dosa.

A cikin duk kayan koyon saiti da ake sayarwa babu wanda ya kai su sauƙi, kuma a ganina babu wanda ya kai su amfani. Amma da su na ɓata wasana na tsawon lokaci, na ɓata na yaron da aka ba ni amanarsa, na kuma ci fuskar mutumin da ya gaya mini gaskiya. Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne, har gobe ina ganin mutane a filin atisaye suna shimfiɗa karan nan kamar yadda nake yi a da, suna tashi da farin ciki.

Ban fara golf da ƙuruciya ba, sai da furfura ta fara fitowa. Filin da nake zuwa irin namu ne na Arewa. Da rani ya yi ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi tauri, kewayen rami kuma maimakon koren ciyawa yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai aka daddale, wanda ake kira burawun. Wasan ba baƙo ba ne a wajenmu, tun 1913 ake buga shi a Rayfield ta Jos, zamanin Turawan haƙar kuza. Sai dai malaman koyarwa kaɗan ne, galibinmu da kallo da tambaya muka koya. Matsalata tun farko ita ce ƙwallona ba ta da alƙibla. Wani bugun ta miƙe sak zuwa dama, wani ta fizgo hagu, wani kuma ta fara hagu sannan ta lanƙwasa ta faɗa daji a dama. Wani aboki ya ce in nemi karan saiti. Na sa aka kawo mini.

Ga yadda nake yi. Sai in ajiye ƙwallo, in tsaya a gefenta kamar zan buga, in juya kai in dubi tuta ta kan kafaɗata ta hagu, in yi ta gyara ƙafa har zuciyata ta ce mini na yi daidai. Daga nan in sunkuya ba tare da na motsa ƙafa ba, in shimfiɗa karan a bakin takalmina. Shi ke nan. Duk ƙwallon da zan buga bayan wannan, sai in jera ƙafafuna da karan, in buga hankali kwance. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in taka zuwa bayan ƙwallo in duba ina karan nan ya nuna. Idon da ya ɓatar da ni tun farko, shi na wakilta ya shimfiɗa mini karan. Karan bai gyara komai ba, shaida kawai na samar wa kuskurena.

Wanda bai san wasan ba zai ce ai ɗan kaucewa kaɗan ba wani abu ba ne. Lissafi ne zai ba shi amsa. Idan mutum ya kauce da digiri ɗaya tak, a nisan mita 150 ƙwallo za ta sauka mita biyu da rabi da ɗoriya daga inda ya nufa. Idan digiri biyar ne, mita 13 ke nan, wanda ya isa ya raba ƙwallo da burawun ya jefa ta ramin yashi. Digiri biyar kuwa a ƙafar mutum ba ya ko ganuwa. In tazarar dugaduganka santimita 45 ce, ka ja ƙafar dama baya da santimita huɗu, ka riga ka yi shi.

Ido yana ruɗuwa a golf ne saboda yadda ake tsayuwa. Maharbi yana ɗora idonsa a kan layin da zai harba, ya dubi abin harinsa kai tsaye. Ɗan golf a gefen layin yake tsayawa, a sunkuye, ƙwallo tana gabansa, tuta tana can ta gefen kafaɗa, ya karkato kai ya dube ta. Malaman wasan sun sha faɗin cewa mai bugu da dama galibi dama yake karkata ba tare da ya sani ba, domin yana ƙoƙarin ya sa jikinsa ya kalli tuta, alhali ƙwallo ce da fuskar sanda ya kamata su kalle ta.

Abin da ya fi ɓarna shi ne yadda jiki ke rufa wa ido asiri. Ƙafafuna da kafaɗuna sun dosa dama, amma ƙwaƙwalwata ta san inda tuta take. Saboda haka da na ɗaga sanda zan sauko, sai hannuwa su jefo ta waje, su yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki don su jawo ta hagu. Idan yankan ya zo daidai da yawan karkatar da na yi, ƙwallo ta sauka kusa da tuta, in yi murna. Idan ya yi yawa ta wuce hagu. Idan fuskar sanda ta tsaya a buɗe, ƙwallo ta ɗauki juyi ta lanƙwasa dama. Ran da kuwa na yi bugu mai tsabta, sanda ta bi layin jikina yadda ya kamata, sai ƙwallo ta miƙe sak zuwa inda na dosa, wato nesa da tuta ta dama. A nan zan yi tsaki in ce na ɓata. Ka ga ke nan, bugun kirki shi nake hukuntawa, gurɓataccen shi nake yabawa. Wanda ya daɗe a haka, da kansa zai kori duk abin kirkin da ke cikin bugunsa.

Filin atisaye ya ƙara rufe mini ido. Tuta ɗaya nake nufa, daga wuri ɗaya, da sanda ɗaya, ƙwallo bayan ƙwallo. Bayan 'yan bugu kaɗan jiki ya gano gwargwadon yankan da ake bukata, sai ƙwallaye su fara taruwa kusa da tuta. In koma gida ina yaba karan saiti. Ranar wasa kuwa kowane bugu sau ɗaya ake yinsa, nisa daban, sanda daban, ba damar gwaji. Sai abin ya watse, in ce ƙila gajiya ce, ko iska.

Akwai kadi, wato mai ɗaukar jaka, da na saba tafiya da shi. Matashi ne da ya tashi a filin tun yana ƙarami yana tsintar ƙwallo, ran da aka bar musu fili kuwa da aron sanduna yake buga abin da ni ban taɓa bugawa ba. Shi ne kullum yake tsaye a bayana, wato a daidai wurin da ni ban taɓa tsayawa ba. Wata rana muna wasa da waɗansu dattawa biyu, na jefa ƙwallo daji, ya matso kusa ya sassauta murya.

"Alhaji, da za ka yarda, da na ce jikinka dama yake kallo. Ba tuta ka fuskanta ba, waccan darbejiyar ka fuskanta."

Ni kuwa na ɗaga tawa muryar. "Kai, jaka na ɗauke ka ka riƙe mini ko koyarwa? Ni da nake atisaye da karan saiti, kai za ka gaya mini inda na dosa?"

Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji." Ya karɓi sandar ya goge ta ya mayar jaka.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce mini, "Haba Alhaji, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba." Na yi kamar ban ji ba.

Na yi ta juya wannan rana a raina. Da ɗaya daga cikin dattawan nan ne ya faɗi maganar, da aƙalla na duba. Na ƙi dubawa ne saboda wanda ya faɗa yaro ne da nake biya, kuma ina da abin da na saya da kuɗina daga waje wanda nake ganin ya fi idonsa. Wannan shi ne gaskiyar lamarin, ba kuma ni da wani uzuri a kai. Bayan haka bai sake tsoma baki a saitina ba, har tsawon lokaci. Yana kallo ina dosar daji, ya miƙo mini sanda ya yi shiru, domin ni na koya masa shirun.

A cikin wannan tsakanin ne ƙanwata ta kawo mini ɗanta, yaro ɗan wajen shekara goma sha uku da ya nuna sha'awar wasan. Ta ce, "Yaya, ga shi nan, ka koya masa." Yaron Allah ya ba shi hannu. Jikinsa a sake, sanda tana sauko masa daga ciki ba tare da kowa ya nuna masa ba. Na tsayar da shi, na ce ya dubi tuta ya gyara ƙafa har ya ji daidai, na sunkuya na shimfiɗa masa karan a bakin takalminsa, ni ma ina gefe. Ya buga. Ƙwallo ta tashi gwanin kyau ta sauka dama.

"Kawu, ai na ji ta fita da kyau."

"Da kyau ina, ga ta can? Jawo ta hagu. Sa ƙarfi a kafaɗar dama ka juyo da ita."

Yaro mai biyayya ne, kuma yara da sauri suke ɗauka. Kafin hutun makaranta ya ƙare ya iya yankan ƙwallo irin nawa. Wancan bugu mai laushi da ya zo da shi ya ɓace, ƙwallonsa ta fara lanƙwasawa dama, nisanta ya ragu. Na ga ya fara sanyi da wasan, na ɗauka ƙuruciya ce. A duk abin da ya faru, wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

Gaskiya ta fito ne wata safiya cikin hunturu, ni da kadin kawai, ba gasa ake ba. A wani gajeren rami na yi bugu mai tsabta, ƙwallo ta miƙe ta sauka dama da burawun. Kafin in yi tsaki sai ya ce, "Alhaji, don Allah kada ka motsa ƙafa." Ya zaro sanda daga jaka ya kwantar da ita a bayan dugadugaina, tana taɓa takalman biyu. Ya ja baya 'yan taku, ya ce, "Yanzu zo ka tsaya nan inda nake." Na je na tsaya. Sandar tana kwance cikin ƙura, ga sawun takalmina a gabanta, ta miƙe kai tsaye zuwa inda ƙwallona ta sauka. Tuta tana can hagu, tsakaninsu ya fi faɗin burawun ɗin. Ashe bugun nan ba shi da aibi ko kaɗan, inda na aike shi can ya je. Ya jira ranar da babu kowa don kada ya kunyata ni, ni da ban jira komai ba wajen kunyata shi.

Na ba shi haƙuri a wurin. Amma tunda a gaban mutane na yi masa, sai da na jira muka sake haɗuwa da dattawan nan biyu, na maimaita a gabansu, na ce abin da ya faɗa ran nan shi ne daidai, ni ne ban da gaskiya. Ya ce ba komai, ya wuce.

Daga nan na koma koyon abin daga tushe, na kuma tarar ban san abu na biyu ba. Ni duk hankalina a kan ƙafa yake, alhali ƙafa ba ta taɓa ƙwallo. An daɗe ana koyar da cewa hanyar da sanda ta biyo ita ke yanke inda ƙwallo za ta fara dosa, fuskar sanda kuma ta lanƙwasa ta daga baya. Tun 1968 wani binciken kimiyya da Alastair Cochran da John Stobbs suka wallafa a Birtaniya ya nuna ba haka abin yake ba, amma sai da kamfanin TrackMan, wanda aka kafa a Denmak a 2003, ya fito da na'urar rada mai auna sanda da ƙwallo a lokacin bugu, sannan maganar ta zauna. Inda fuskar sanda ke kallo a daidai lokacin haɗuwa shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka na alƙiblar farko, wajen kashi 85 cikin ɗari a babbar sandar nan da ake kira direba, wajen kashi 75 a sandunan ƙarfe. Hanyar sanda, gwargwadon yadda ta saɓa da fuskar, ita ke jawo lanƙwasa. Haɗuwar kanta ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, babu abin da hannu zai gyara a ciki. Saboda haka fuskar sanda ake fara saitawa, jiki ya biyo baya. Ni na juya abin: in kafa ƙafa, sannan in ajiye sanda yadda ta zo.

To ta yaya za a saita fuskar sanda da tutar da ke nisan mita 150 alhali ana tsaye a gefe? Jack Nicklaus, wanda ya ci manyan gasanni 18, shi ya shahara da maganin. Yakan tsaya a bayan ƙwallo ya ja layi da ido daga tuta zuwa gare ta, ya zaɓi wani ɗan abu a kan layin, ganye ko tabon ƙasa, taku ɗaya ko biyu a gaban ƙwallo. Idan ya zo gefe, da wannan ɗan abin yake saita fuskar sanda, ya bar tuta. Shi da kansa ya ce a St Andrews ya fara haka, a gasar 1970 da ya lashe, fili ne shimfiɗaɗɗe mara itatuwa inda sau da yawa mutum ba ya ma hango inda zai jefa ƙwallo. Ido na iya ruɗuwa da abin da ke nesa, amma da wuya ya ruɗe da abin da ke taku ɗaya. A filinmu na rani ba a rasa abin zaɓa: busasshen ganyen darbejiya, tsakuwa, bakin ramin tururuwa.

Karan saiti a nan yake shigowa da amfaninsa na gaskiya. Daga bayan ƙwallo ake shimfiɗa na farko, a ɗan gefenta ta waje, a tsuguna a duba shi ya nufi tuta, a gyara, a sake ja baya a duba. Na biyu a kwantar da shi wajen ƙafa, a jere da na farko kamar ƙarafan layin dogo, ƙwallo a kan ɗaya, mutum a kan ɗayan, ba sa haɗuwa. Ke nan na wajen ƙafa ba tuta zai nuna ba, ɗan hagu da ita zai nuna ga mai bugu da dama. Da dugadugai ake auna jeri, domin mutane da yawa sukan buɗe yatsun ƙafar hagu waje, wanda ke sa layin yatsu ya yi ƙarya. Sannan a tuna da kafaɗu. Ƙafa na iya jeruwa tsaf, kafaɗu su kalli wani wuri, hannuwa kuwa kafaɗa suke bi. A ɗora kara a ƙirji a rungume shi, wani ya tsaya baya ya duba, ko a jingina waya a bayan layin ta ɗauki hoto.

Ran da na fara tsayuwa daidai, ji na yi kamar na juya wa tuta baya na dosa hagu can. Duk jikina yana cewa an karkace. Wanda bai san da wannan ba zai janye ya koma gidan jiya, domin abin da aka saba da shi shi ake ji kamar daidai. Makonnin farko wasana ƙara lalacewa ya yi. Jiki ya jeru, amma hannuwa ba su daina yanka ba, ƙwallo ta yi ta tafiya hagu. Sai a hankali suka gane ba a bukatarsu.

Ko bayan an iya shimfiɗa shi daidai, akwai tarko na biyu. A 1984 Richard Schmidt da abokan aikinsa biyu, masu nazarin yadda jiki ke koyon motsi, suka yi bayanin cewa idan ana nuna wa mai koyo daidai a kowane gwaji, yakan yi kyau a lokacin, amma ya dogara da mai nunin, ran da aka janye shi sai ya kasa. Haka karan yake. In yana kwance a ƙasa tun daga ƙwallon farko har ta ƙarshe, ƙafa ce kawai ke bin layi, ido bai koyi komai ba. Yanzu kaɗan nake bugawa da shi, sai in ɗauke. In zaɓi wata tuta, in taho daga baya, in zaɓi ɗan ganyena, in saita sanda, in tsaya. Sai bayan na tsaya sannan kadin ya kwantar da karan a dugadugaina, in fita in je in duba ko na ci ko na faɗi. Abin da ya yi mini ran nan da safe, shi ya zama atisayen. Kowane bugu kuma in sauya tuta, don kada jiki ya sami damar rufa asiri.

Wajen zura ƙwallo a rami abin ya fi tsanani, domin faɗin ramin milimita 108 ne kawai. Daga nisan mita uku, kaucewar digiri ɗaya ta isa ta kai ƙwallo leɓen rami. Kayan da ake sayarwa don wannan suna da yawa. Akwai madubi mai layuka da ake ajiyewa a ƙasa don mutum ya ga idanunsa da kafaɗunsa, akwai fitilar lesa da ake maƙalawa a sanda. A 2001 kamfanin Odyssey ya fito da sandar zurawa mai fararen da'ira biyu a bayanta, a 2019 kuma Callaway ya fito da ƙwallo mai layuka uku. Ban raina ko ɗaya ba, amma duk ciwo ɗaya gare su: madubin ma sai an saita shi daga baya, layin ƙwallon ma sai an tsuguna a baya an nufar da shi, in an tashi kuma a amince da shi ko da ido ya yi gardama. Tiger Woods an san shi da kafa tsinken ɗora ƙwallo guda biyu a ƙasa, tsakaninsu ya ɗan fi faɗin kan sanda, ya yi ta wucewa ta tsakiya. Ƙusa biyu da zaren da aka ɗaure a tsakaninsu sama da ƙwallo suna yin aikin da na'ura mai tsada ke yi. Mu masu burawun ma muna da abin da masu ciyawa ba su da shi. Idan mai shara ya ja abin lallashe yashi daga ƙwallo zuwa rami, duk ƙwallon da aka gangara sai ta bar sawunta. Kana iya durƙusawa ka ga ko tun daga tashinta ta kauce, ko gangare ne ya ɗauke ta daga baya.

Dokokin wasan ma sun tsaya a kan cewa saiti aikin ɗan wasa ne shi kaɗai. Kafin 2019 mutum na iya kwantar da sanda a ƙasa ya jera ƙafa, muddin ya ɗauke ta kafin ya buga. Da hukumomin R&A da USGA suka sabunta dokoki a farkon 2019, suka hana. Wanda ya ajiye wani abu a ƙasa don ya taimaka masa wajen tsayuwa ya ci tarar bugu biyu, ɗaukewa daga baya ba ta wanke shi. Suka kuma hana kadi tsayawa da gangan a bayan ɗan wasa a kan layin bugu daga lokacin da ya fara kafa ƙafa. A watan Janairun 2019, a gasar Dubai, Li Haotong ɗan ƙasar Sin ya gamu da wannan doka a ramin ƙarshe. Aka ce kadinsa yana bayansa lokacin da ya fara tsayuwa, aka ƙara masa bugu biyu, ya sauko daga sahun na uku zuwa na goma sha biyu, asarar ta kusa dala dubu ɗari. An yi ta ce-ce-ku-ce cewa hukuncin ya yi tsauri, har hukumomin suka ƙara fayyace dokar bayan 'yan kwanaki. Tsaurin da aka yi wa Li ban ga dacewarsa ba, amma manufar dokar ina bayanta. Kara yana iya zama a jaka ranar gasa, kadi yana iya ba da shawara, amma lokacin tsayuwa daga kai sai idonka, shi ya sa idon ne ya kamata atisaye ya gina.

Kada kuma a ɗauka jeruwar nan farilla ce a kan kowa. Lee Trevino, mai manyan gasanni shida, hagu sosai yake dosa da jikinsa, ya tura ƙwallo ta dawo dama, kuma kaɗan ne a tarihin wasan suka kai shi iya sarrafa ƙwallo. Shi ya san inda ya dosa, da niyya ya yi, ya gina bugunsa a kai. Ni ban sani ba, kuma da aka gaya mini na ƙi ji.

Saura yaron. Na kira shi na gaya masa a fili cewa bugun da ya zo da shi shi ne daidai, ni na karkatar da shi, ƙwallayen nan da na yi ta yi masa faɗa a kansu su ne mafiya kyau da ya buga. Na je na faɗa wa mahaifiyarsa ma. Sannan na roƙi kadin ya karɓe shi, ina biyansa kuɗin koyarwa daban da na ɗaukar jaka. Saitin yaron ya gyaru da wuri, yanzu ba ya taɓa ƙwallo sai ya zagaya bayanta. Yankan da na dasa masa ne ya ƙi fita da sauƙi. Da ƙananan sanduna ya rabu da shi, amma da ya ɗauki direba, musamman idan ana kallonsa, kafaɗar dama takan riga shi fitowa. Kadin yakan soke kara ɗaya a ƙasa a karkace, ta bayan ƙwallo daga waje, yadda in yaron ya jefo sanda waje sai ta taɓa shi, in ya sauko daga ciki ta wuce ta ƙarƙashi. A kan wannan suke aiki yanzu, kadin ya ce zai ɗauki lokaci.